Yadda Ake Shirya Kallon Husufin Rana a Harabar Jami'a Ba Tare da An Yi Asarar Ido Ba

Ranar Litinin, 2 ga Agusta, 2027, wata zai gifta tsakanin duniya da rana. Inuwarsa za ta bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar, ta tsallake Bahar Maliya ta lulluɓe Jidda da Makka, sannan ta wuce Yaman da Somaliya. A kusa da Luksor ta ƙasar Masar, rana za ta ɓace ɗungum na fiye da minti 6. A Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi, Damagaram da Njamena kuwa, wani ɓangare na ranar ne kawai zai rufu da hantsi, kuma gwargwadon yadda gari ya matsa arewa maso gabas, gwargwadon yadda abin da ya rufun zai ƙaru.

Duk shirin da za a yi a kan wannan bambancin zai tsaya. A inda rana ta rufu gaba ɗaya, akwai 'yan mintunan da ido zai iya kallonta kai tsaye. Waɗanda suka ga na ranar 29 ga Maris, 2006 a Gusau ko Katsina sun shaida haka, domin inuwar wata ta bi ta kansu gari ya yi duhu da rana tsaka. A husufin da ɓangare kawai ya rufu, babu wannan damar ko ta daƙiƙa guda. Ko da kashi 99 cikin 100 na rana ya ɓuya, ɗan sauran da ya leƙo ya isa ya lalata ido. Kuma aikin kwamitin da ke shirya taron kallo a jami'a bai tsaya kan masu sanye da tabarau na musamman ba. Wanda ya fi zama abin damuwa shi ne ɗalibin da ya fito daga lacca, ya tarar da mutum ɗari sun ɗaga kai sama, shi kuma ba shi da komai a hannu.

Abin da rana ke yi wa ido

A cikin ido akwai ɗan gilashi da ke tattara haske ya jefa shi kan wani tantani a can ƙarshen ƙwayar idon. Yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girman rubutu, haka wannan gilashin ke tara hasken rana a wuri guda, kuma wurin shi ne tsakiyar tantanin, inda ake karatu da gane fuskar mutum. Haske mai ƙarfi yana tayar da sinadarai masu kashe ƙwayoyin gani, idan kuma ya biyo ta na'urar hangen nesa sai zafi ya dafa wurin nan take.

Abu biyu ne ke sa mutane su faɗa. Na farko, tantanin ba shi da jijiyar jin zafi, don haka ɓarnar tana faruwa mutum na murmushi. Na biyu, alamun ba sa bayyana sai bayan sa'o'i, wani lokacin sai washegari: tsakiyar abin da ake kallo ya yi dishi-dishi, ko baƙin ɗigo ya zauna a kan kalmar da ake karantawa, ko miƙaƙƙen layi ya karkace, ko launi ya sauya. A ranakun yau da kullum ƙyallin rana ne ke tilasta wa mutum ya kau da kai. Ranar husufi kuwa son ganin ƙwaƙwaf yana rinjayar wannan kariyar, mutum ya daure ya ci gaba da leƙe. Husufi bai zo da wani sabon haske mai guba ba, ba ya ɓata abinci, ba ya taɓa cikin mai ciki. Ranar nan ce dai da aka sani, sai dai a wannan yinin kowa yana son ya kalle ta.

Watanni kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. A kafa kwamiti aƙalla wata shida kafin lokacin, domin odar tabarau daga waje ce ke cin lokaci, kuma duk sanda babban husufi ya matso kuɗinsu yana tashi, na jabu su cika kasuwa. Kwamitin ba ya bukatar mutane da yawa: malami daga sashen fiziks ko labarin ƙasa wanda zai riƙe ɓangaren lissafi da na'urori, wakilin ofishin harkokin ɗalibai, wakilin asibitin makaranta, shugaban masu tsaro, wakilin kwamitin masallaci, da shugabannin ƙungiyar ɗalibai. A nemi izinin hukumar jami'a a rubuce, a kuma roƙi a sassauta laccocin sa'o'in, saboda malamin da ya riƙe ɗalibai a aji ba ya hana su kallo, ta taga za su leƙa ba tare da kariya ba.

Aikin farko shi ne fitar da lokutan garinku, ba na Abuja ko na Yamai ba. Manhajar Stellarium kyauta ce. A saka mata wurin da jami'ar take da kwanan watan, za ta nuna sanda wata zai fara cin gefen rana, sanda abin zai kai maƙura, da sanda zai saki. A rubuta lokutan uku, da tsayin rana daga ƙasa a kowannensu. A kula da tarkon agogo: yawancin jadawalin da ke intanet da agogon GMT ake rubuta shi. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Ghana kuwa daidai take da shi. Kuskuren awa guda yana iya sa jama'a su taru ba a daidai lokacin ba. Husufi irin wannan yakan ɗauki wajen awa biyu ko fiye daga farko zuwa ƙarshe, abin da zai taimaka ƙwarai wajen rabon kayan kallo.

Tabarau na husufi da yadda ake gane na banza

Tabarau na husufi kwali ne mai baƙar leda ko leda mai ruwan azurfa a wurin idanu. Ma'aunin duniya da ake gwada shi da shi sunansa ISO 12312-2, kuma bai yarda hasken da zai ratsa ya wuce kashi 0.0032 cikin 100 ba. Baƙin tabarau na ado yana barin wajen kashi 10 zuwa 20 ya wuce. Ke nan tazarar ta sau dubbai ce, kuma ɗora na ado biyu ko uku a kan juna ba ya cike ta.

Matsalar ita ce buga lambar ISO a jikin kwali ba shi da wuya, kowane ɗan damfara zai iya. An ga jabu a kasuwannin intanet lokacin husufin Amurka na 2017 da na 2024. Ƙungiyar masana taurari ta Amurka, wato AAS, tana da jerin kamfanoni da dillalan da ta tantance a shafinta, kuma daga nan ya kamata a fara. A sayi kayan kai tsaye daga wanda ke cikin jerin, a karɓi takardar shaidar gwaji, a ajiye rasit. Kada a bar ɗan kwangila ya kawo "irinsa" don ya fi araha.

Idan kaya sun iso, a zauna a duba su ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga kowanne a gaban fitilar waya a ɗaki mai duhu: huda, karce, ko ledar da ta fara ɓanɓarewa daga kwali, a yanka shi da almakashi a jefar, don kada wani ya tsinta. Sannan a saka a cikin ɗaki. Bai kamata a ga komai ba, sai dai ƙwan lantarki mai tsananin haske ya bayyana dishi-dishi. Wanda aka ga taga ko kujera ta cikinsa na banza ne. A fita waje a kalli gefe: nan ma duhu, in ban da ƙyallin rana a jikin gilashin mota. Daga ƙarshe a kalli rana na daƙiƙa ɗaya. Za ta fito a zagaye tsaf, fara ko ruwan goro, ba ta damun ido, kewayenta baƙi ƙirin. Wannan gwajin yana tona asirin mummuna, amma ba ya wanke wanda ba a san asalinsa ba, domin akwai hasken da ido ba ya gani kuma yana iya ratsa ledar da ta yi duhu a ido. Shi ya sa wurin saye ya fi gwajin muhimmanci.

Ba sai kowa ya samu nasa ba. Wata yana tafiya a hankali, siffar rana ba ta sauyawa sosai cikin minti biyar, kuma kallon rabin minti ya wadatar. Tabarau ɗaya ga mutum biyar lissafi ne mai kyau: idan ana sa ran mutum 1,000, a tanadi 200, a ƙara 30 ko 40 saboda waɗanda za su yage ko su bi aljihu. Dabara mai amfani ita ce a manna kowanne a tsakiyar faffaɗan kwali mai girman takardar A4 da aka yanke wa gurbin idanu, a ɗaure shi da igiya a jikin tebur ko turke. Kwalin yana tare hasken gefe, yana yi wa fuska inuwa, yana dacewa da ƙananan yara waɗanda tabarau ke zame musu, kuma ba ya shiga aljihu.

Madadin da ake iya samu a gida shi ne gilashin walda, amma mai lamba 12, 13 ko 14 kaɗai. Mai lamba 14 ya fi duhu, mai 12 wasu sukan ga ya yi musu haske da yawa. Yawancin abin da ke rumfunan masu walda bai kai haka ba, sau da yawa 10 ko 11 ne, wani ma ba lamba a jikinsa. Wanda ba a ga lambarsa a rubuce ba a bar shi, haka ma hular walda mai duhunta kanta, domin kafin ta yi duhun haske ya riga ya shiga.

Sai kuma dabarun da aka gada, waɗanda ya kamata a ambace su da sunansu a kowace sanarwa: gilashin da aka turara da hayaƙin kyandir ko aci-balbal, hoton asibiti na ƙashi, faifan CD, ledar biskit mai ƙyalli, gilashin mota mai duhu, da kallon rana a cikin ruwan ƙwarya ko bokiti. Na ƙarshen ya fi yaɗuwa, kuma mutane sun yarda da shi saboda kai a sunkuye yake. Ruwa yana mayar da kimanin kashi 2 cikin 100 na hasken idan rana tana sama, ya fi haka idan ta yi ƙasa. Wannan ya ninka abin da ido zai ɗauka sau ɗaruruwa.

Jefa hoton rana: inda ya kamata ƙarfin shirin ya tafi

A ganinmu taron da ya dogara kacokan kan tabarau yana da rauni. Kuɗi na iya gazawa, kaya na iya maƙalewa a hanya, jama'a na iya ninka yadda aka zata. Hanyar da ba ta bukatar kowa ya fuskanci rana ita ce a jefa hotonta a kan farin abu, mutane su juya mata baya su kalla. Ƙa'idar lissafinta guda ce: faɗin hoton shi ne nisan da ke tsakanin huda da farin allo a raba da 109. Mita ɗaya tana ba da hoto mai faɗin milimita 9, mita 10 santimita 9.

Akwatin huda shi ne mafi sauƙi. A samu kwali mai tsawon mita guda, ko a haɗa kwalayen taliya biyu baki da baki da salatif. A gefe ɗaya a yanke taga mai faɗin santimita 3, a rufe ta da takardar alminiyam ta naɗe abinci, a huda tsakiyarta da allura sau ɗaya, huda mai faɗin kusan milimita ɗaya. A ɗaya ƙarshen, daga ciki, a manna farar takarda. A jikin kwalin kusa da farar takardar a yanke wata 'yar taga ta leƙe. Mai kallo ya ba rana baya, ya ɗora akwatin a kafaɗa hudar tana fuskantar rana, ya juya shi har inuwar akwatin a ƙasa ta zama mafi ƙanƙanta. A nan hoton zai faɗo kan takardar.

Kurakuran da ake yi sanannu ne. Ana faɗaɗa hudar don hoton ya girma, sai ya ƙara haske ya dagule, girmansa kuwa yana nan, domin tsawon akwati ne ke ƙara girma. Ana huda kwalin kansa maimakon alminiyam, bakin hudar ya yi gashi-gashi hoton ya lalace. Ana barin haske ya shiga ta mahaɗar kwali ya wanke hoton. Mafi muni shi ne wanda bai ji bayani ba, ya ɗauki akwatin ya kafa ido a hudar yana kallon rana ta cikinta. A rubuta da jan maka a jikin kowane akwati: "Ba rana baya. Kada ka leƙa ta hudar."

Don jama'a masu yawa madubi ya fi. A ɗauki ƙaramin madubi shimfiɗaɗɗe, ba mai ƙara girman fuska ba, a rufe shi da takarda a bar buɗaɗɗen wuri mai faɗin santimita ɗaya. Ko wace siffa wurin yake da ita, hoton da zai fito daga nesa na rana ne. A kafa madubin a cikin curin yumɓu ko kwanon yashi a kan tebur a waje, a karkata shi har hasken ya shiga ta ƙofa ko tagar ɗakin lacca ya faɗa kan farin bango. Daga nisan mita 20 za a samu hoto mai faɗin kusan santimita 18, wanda aji guda zai gani a zaune cikin inuwa. A rufe sauran tagogin, domin hoton ba shi da ƙarfi. Rana tana matsawa da kwatankwacin faɗinta duk minti biyu, saboda haka hoton zai riƙa tafiya a bango, kuma dole mutum ɗaya ya zauna wurin madubin yana gyara shi. Hasken da ke fitowa daga madubin rana ce sak. A sa hanyarsa ta bi sama da kan mutane, ko a kewaye ta da igiya, kada a bar kowa ya tsaya yana kallon madubin.

Akwai kuma waɗanda ba sa cin ko sisi. Madambaci ko matsamin suyar ƙosai, a riƙe shi sama da farin zane da aka shimfiɗa a ƙasa da tazarar mita ɗaya, kowace huda za ta zana rana mai gutsure. Malafa mai sarari a saƙarta haka take yi. Ƙarƙashin darbejiya, 'yan ɗigon hasken da ke ratsa ganye, waɗanda a kullum zagayayyu ne, za su koma siffar jinjirin wata ɗaruruwa a ƙasa. A share gindin bishiya biyu ko uku tun jajibiri a shimfiɗa farin yadi. Nan ne wurin da ya fi dacewa da 'yan makarantar firamare ta ma'aikata.

Na'urar hangen nesa da kyamara

Nan ne haɗarin makanta nan take yake, don haka ba a barinsa a hannun ɗan sa-kai da aka samu da safe. Matacin haske a gaban na'ura ake sa shi, wato bakin da ke fuskantar rana, kafin hasken ya shiga a tara shi. Ƙaramin baƙin gilashin da ake ɗaurawa a wurin sa ido, wanda ke zuwa da wasu na'urori masu araha, zafi na fasa shi ba zato, a jefar da shi. Tabarau na husufi ma ba ya kare wanda ya leƙa ta na'urar da ba ta da mataci, hasken da aka tara yana huda ledar cikin ƙiftawa. Idan za a sayi ledar tacewa irin Baader AstroSolar a yi murfi da ita, a tabbatar mai lamba 5.0 ce, wadda ke barin kashi ɗaya cikin 100,000 ya wuce. Mai lamba 3.8 ta ɗaukar hoto ce kawai. A yi murfin da kwali mai zurfi ya zauna daram, a ƙara masa salatif wuri uku saboda iska da hannun yara. Ƙaramin abin hangen saiti da ke goye a bayan na'urar a cire shi gaba ɗaya. Saiti da inuwa ake yi: a juya na'urar har inuwarta ta zama mafi ƙanƙanta.

Ana iya jefa hoto da abin hange mai ido biyu: a kafa shi a maɗori, a rufe ido ɗaya, a riƙe farin kwali santimita 50 a bayansa, mai ninki 10 zai ba da hoton kusan santimita 4 zuwa 5 mai kyau ƙwarai, har ɗigon da ke jikin rana akan gani. Sai dai zafi na narka robar ciki, don haka a riƙa rufe bakinsa bayan kowane minti ɗaya ko biyu. Kuma wurin da hasken ke fita daidai tsayin idon yaro yake. Idan babu malamin da zai tsaya a kansa daga farko har ƙarshe, a haƙura da shi.

Waya kowa zai ɗaga. Abin tsoro a nan idon mai saitin ne, wanda ke leƙa rana ta gefen wayar. A koya wa mutane su rufe kyamarar da ledar tabarau, su sa wayar ta yi wa fuskarsu inuwa, ko kuma su ɗauki hoton da ke bango da na gindin bishiya, wanda ya fi fitowa da kyau.

Fili, masallaci da sanarwa

A je filin da aka zaɓa mako guda kafin ranar, a daidai sa'o'in husufin, a ga inda rana take. A farkon Agusta tana fitowa ta gabas da ɗan karkata arewa, kuma da hantsi ta yi sama sosai, har wuya ya gaji. Tabarmi suna taimakawa. Filin ƙwallo ya fi, nesa da titin mota. A raba shi gida uku da igiya: wurin tabarau, wurin jefa hoto, da wurin na'urori mai ƙofar shiga ɗaya da layi. A kafa rumfuna, a tanadi ruwan sha, a ware inuwa ta musamman ga zabiya, tsofaffi da masu goyo. Ɗan sa-kai ɗaya ga kowane mutum 25 zuwa 30, da riga mai launi guda, kuma aikinsu kallon fuskokin jama'a ne. A ba su damar kallon husufin tun farko bi da bi, don kada hankalinsu ya rabu.

Da yawa daga cikin jama'ar jami'a masallaci za su nufa, domin sallar husufi sunna ce, raka'a biyu, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu. Rana ta yi husufi ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, sai ya bayyana wa mutane cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A zauna da liman tun da wuri a ba shi lokutan, a tsara yadda sallah da kallo ba za su ci karo ba, tunda lokacin yana da faɗi. A ajiye 'yan sa-kai da tabarau da madambaci a ƙofar masallaci, saboda masu fitowa sukan ɗaga kai su duba ko rana ta washe. Gargaɗin da liman zai yi a huɗubar Juma'ar da ta gabaci ranar husufin, da wanda za a yi a cocin makaranta ranar Lahadi, zai kai inda takardar sanarwa ba ta kaiwa. A yi amfani da rediyon jami'a da zaurukan WhatsApp na azuzuwa, da Hausa da Turanci ko Faransanci. A tura mutane da baki wurin masu shara, masu gadi, 'yan talla, almajiran da ke bakin ƙofa da masu adaidaita sahu. Direbobi a faɗa musu kada su tuƙa da tabarau na husufi a ido, wanda zai kalla ya faka tukuna.

Ranar kanta

A kammala kafa komai awa ɗaya kafin farawa. Mai lasifika ya koyar da tsarin kallo, ya maimaita shi duk minti goma saboda sababbin zuwa: tsaya cak, sunkuyar da kai, sa tabarau, ɗaga kai ka kalla, sunkuyar da kai, sannan ka cire. Mai tabarau na likita ya ɗora na husufi a kansa. Ba a tafiya da shi a ido. Yara ba sa kallo sai babba na riƙe da kwalin.

A faɗa wa jama'a tun farko cewa gari ba zai yi duhu ba. Ido yana sabawa da raguwar haske, kuma sai an rufe wajen kashi uku cikin huɗu na rana kafin a lura da sauyi sosai. Wanda ya zo da tsammanin dare da rana, idan bai gani ba, shi ne ke cire tabarau ya duba da idonsa ko ƙarya aka yi masa. Ɗaliban kimiyya kuwa ga aiki: ma'aunin zafi a inuwa, mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a rubuta duk minti biyar, a auna wutar da farantin sola ke bayarwa a lokutan guda, a zana siffar rana daga hoton bango. A yi irin wannan awon kwana ɗaya kafin ranar don a samu abin kwatantawa.

Agusta tsakiyar damina ce, hadari na iya rufe sama. Kada a sallami jama'a da wuri, gajimare yakan yage. Amma siririn gajimare shi ne babban mayaudari: rana tana bayyana a bayansa ba ƙyalli, ta tabarau kuma ba a ganin komai, sai mutane su cire. A nan ne mai lasifika zai ɗaga murya. A tanadi ɗakin taro da majigi da janareto don nuna abin kai tsaye daga Masar ko Saudiyya, ko da sama ta yi kyau, domin a nan ne za a ga cikakken rufewar.

Akwai damar gwaji kafin Agusta. Ranar Asabar, 6 ga Fabrairu, 2027, a ƙarshen Sha'aban, za a yi husufi mai zobe wanda zai ƙare a gaɓar Kodebuwa, Ghana, Togo, Benin da yankin Legas dab da faɗuwar rana. A arewa ɓangare ne zai rufu da yamma lis, don haka fili mai buɗaɗɗen yamma ake bukata. Lokacin hazo ne, rana takan yi ja ta dushe har a ga kamar ba ta da illa, alhali ƙura ba mataci ba ce. Masu kallon zoben a Akara ko Legas su ma ba su da lokacin cire tabarau, saboda wata bai rufe rana duka ba.

Bayan an watse

Asibitin makaranta ya kasance a shirye na kwana uku. A sanar cewa duk wanda ya ga dishi-dishi a tsakiyar ganinsa, ko ɗigo, ko karkacewar layin rubutu, ya rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan, sannan ya je a tura shi wurin likitan ido. Kada ya ɗiga komai, na kanti ko na gargajiya, domin ciwon a can ciki yake inda ɗigo ba ya kaiwa. Babu tabbataccen magani. Wasu ganinsu yana dawowa cikin wata uku zuwa shida, wasu ɗigon yana zama har abada. Zuwa da wuri yana sa a tantance ko wata cuta ce daban mai magani, kuma a rubuta wane irin abu mutumin ya kalla da shi, don a gano idan akwai jabun tabarau a gari.

A tattara tabarau a sake duba su a gaban fitila. Waɗanda suka cika ma'aunin ISO 12312-2 ba sa lalacewa don daɗewa muddin ledar ba ta huje ko ta karce ba. A jera su a ambulan, takarda tsakanin kowane biyu, a sa a akwatin ƙarfe mai murfi nesa da zafi, danshi da gara, a rubuta sunan kamfani da shekarar saye a jikinsa. Ranar 20 ga Maris, 2034, cikakkiyar inuwar wata za ta ratsa Najeriya daga wajen Legas ta wuce arewacin Kamaru da Chadi, kuma sashen da ya ajiye kayansa da rahoton awonsa zai buɗe akwatin ya sake gwada su watanni kafin lokacin.